Muhawara: Kwamfuta a makarantun gwamnati na Kaduna, wa zai riƙe ta bayan an saya?

Baban Yusra (Kawo), shugaban zaure:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kamar yadda wasunku suka sani, ƙungiyar tsofaffin ɗalibai ta makarantar firamaren unguwarmu ta tara gudunmawa da niyyar yi wa makarantar abin da za a daɗe ana mora, kuma kan 'yan kwamitin kula da makaranta ya rabu a kan abin da za a yi da kuɗin. Wasu na son a gyara aji guda a zuba masa kwamfutoci 20, wasu kuma na ganin cewa makarantar da yaranta da yawa ke zaune a ƙasa ba ta kai ga maganar kwamfuta ba tukuna. Tunda a cikinmu akwai malamai da iyaye da waɗanda suka yi aiki ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma, ina roƙon kowa ya kawo hujjarsa, kuma a duba batun fiye da makaranta ɗaya, domin tambayar da ke gabanmu tana gaban makarantun gwamnati a duk ƙananan hukumomi 23 na jihar nan. Don Allah a bar siyasa a gefe.

Malamin lissafi (Kakuri):
Wa alaikumus salam. Ranka ya daɗe, ni a sakandare nake koyarwa, saboda haka yaran da firamare ta sallama hannuna suke faɗowa, kuma ni nake raka su har ƙofar jarrabawa. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta daina amfani da takarda da fensir, ta koma kwamfuta gaba ɗaya. A farkon 2024 hukumar WAEC ta fara tata jarrabawar ta kwamfuta ga ɗalibai masu zaman kansu, sannan a 2025 ministan ilimi, Tunji Alausa, ya sanar da ƙudurin mayar da WAEC da NECO kan kwamfuta. Ko an jinkirta wannan ko ba a jinkirta ba, an riga an nuna inda aka dosa.

Na ga ɗaliba mai ƙoƙari, wadda ba ta taɓa sauka daga sahun farko a ajinta ba, ta zauna gaban kwamfuta a cibiyar gwaji hannunta na rawa, ta ɗaga linzamin sama tana juya shi a iska domin ba ta san cewa a kan tebur ake jan sa ba. JAMB ta sauƙaƙa abin ta yadda da madannai takwas za a iya gama jarrabawar, amma tsoron na'urar kaɗai yana cinye wa yaro minti goma ko fiye, alhali ɗan makarantar kuɗi da ke gefensa tun yana aji uku yake wasa da ita. A makarantunmu da yawa, da alli malami yake zana kwamfuta a jikin allo, ya ce wannan shi ne linzami, yara su haddace su rubuta a jarrabawa su ci. Ina goyon bayan a sayi kwamfutocin.

Tsohon hedimasta (Tudun Wada):
Malam, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ina so in gaya maka abin da ke faruwa bayan ranar bikin miƙa kaya, domin na riƙe mabuɗin irin wannan ɗaki.

An taɓa kawo wa makarantar da nake shugabanta kwamfutoci na tebur, aka yanka ƙyalle, aka ɗauki hoto, aka ba ni takarda na sa hannu cewa na karɓa lafiya lau. Daga wannan rana duk abin da ya ɓace ko ya lalace a wuyana yake. Ba a ba mu maigadin dare ba, tagogin ba su da ƙarfe, ɓarayi kuma ta silin suke shigowa. Wutar lantarki ba ta zuwa da safe sai jefi-jefi, kuma ba a ware ko kwabo na man janareta ba. Mene ne hedimasta mai hankali zai yi? Zai sa kwaɗo biyu ya rufe, ya buɗe ranar da masu duba makarantu za su zo, domin su abin da suke tambaya shi ne ko kayan sun cika, ba ko yara sun taɓa su ba. Kafin shekara ta zagayo ƙurar hunturu ta shige cikinsu, ɓeraye sun ci wayoyin, kuma a takarda makarantar tana cikin masu ɗakin kwamfuta.

Ya kamata matasan zauren nan su fahimci yadda kuɗin ilimin firamare yake tafiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shigar tarayya ga hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, UBEC, ita kuma ba ta sakin kuɗin ayyuka sai jiha ta ajiye kwatankwacinsa daga aljihunta. Hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, SUBEB, ce ke ba da kwangilar gini da sayen kaya. Sakataren ilimi na ƙaramar hukuma, wanda shi ne mafi kusa da makarantu, aikinsa ya fi karkata ga tura malamai da sa ido da tattara rahoto, ba shi da wata taska da zai buɗe idan batir ya mutu. Wato tsarin yana da ƙofar sayen kaya mai faɗi, amma ƙofar kuɗin gyara da na caji da na data ƙarama ce ƙwarai. Duk wanda zai kawo na'ura makaranta bai kawo kuɗin riƙonta na shekara uku ba, nauyi ya ɗora wa hedimasta.

Malamar aji biyu (Rigasa):
Allah ya ƙara girma, Baba. Ina so in ƙara wani abu daga cikin aji. Tun da aka fara ciyar da 'yan firamare a 2016 yara suka cika makarantu, abin farin ciki ne, amma azuzuwa da malamai ba su ƙaru daidai da su ba. Rajistata ta haura yara 100. Idan aka ce akwai kwamfuta 20 a makarantar da ke da dubban yara, sai a yi lissafin sau nawa yaro ɗaya zai zauna gabanta a zangon karatu, kuma me zai yi da ita idan bai iya haɗa baƙi da wasali ba.

Abin da ya fi yi mini amfani a aji shi ne wayata da wata ƙaramar lasifika mai caji da na saya da kuɗina. Ina sauke sautukan haruffa da gajerun labarai na Hausa da daddare, da safe in rataye lasifikar a ƙusar da ke saman allo, in kunna, yara su maimaita, ni kuma in samu damar zagayawa in ga wanda bakinsa kawai ke motsi ba tare da yana kallon harafin ba. Muryata ba ta kaiwa bayan aji bayan ƙarfe goma sha ɗaya, lasifikar kuwa ba ta gajiya. Akwai manhajar Nigeria Learning Passport da ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ƙaddamar tare da UNICEF a 2022, tana da darussa har da na Hausa, kuma nakan duba ta wajen shirya darasi. A ganina, a ƙananan azuzuwa na'urar a hannun malami ya kamata ta kasance, domin ta hannunsa za ta isa ga yara 100 a lokaci guda.

Mai haɗa sola (Kasuwar Barci):
Bari in saka baki ta fannin sana'ata, domin ana yawan sayen kwamfuta kafin a tambayi abin da za ta ci. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta yau da kullum cajarta na jan wat 45 zuwa 65, to guda 20 sun kai wajen kilowat ɗaya ko fiye, ban da fanka da majigi. Ta tebur ta ninka haka. Kwamfutar hannu kuwa wat 10 zuwa 15 ya ishe ta. Sa'ar da makaranta ke da ita ita ce da rana take aiki, lokacin da faifan sola ke bayar da wuta, saboda haka ba ta buƙatar tulin batura irin na gidan da ke son kwana da wuta. Batir shi ne abin da ke fara mutuwa kuma shi ne mai tsada. Na ruwa idan ba a kula da shi ba shekara biyu zuwa uku ya gama, na litiyom ya fi daɗewa amma kuɗinsa na farko yana da nauyi. Faifan kuma dole a samu mai share shi a lokacin hunturu, in ba haka ba ƙura ta rage masa ƙarfi a ce sola ba ta da kyau.

Game da intanet, shawarata kada a gina komai a kan data. A watan Janairun 2025 hukumar kula da sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin sadarwa ƙarin farashi har zuwa kashi 50 cikin 100, kuma babu kwamitin makaranta da zai jure sayen data kowane wata. Akwai manhajoji na kyauta irin su Kolibri da ake zuba darussa a kan kwamfuta ɗaya, sauran na'urorin su haɗu da ita a cikin ɗakin ba tare da intanet ba. Sau ɗaya a zango a kai ta inda ake da sabis mai ƙarfi a sabunta.

Malamar sashen ilimi (Zariya):
Ina jin daɗin wannan tattaunawa, kuma ina so in kawo abin da ya faru a wasu wurare, domin ba mu ne farkon masu wannan tunani ba. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare ɗaruruwan dubban ƙananan kwamfutoci ƙarƙashin shirin kwamfuta ɗaya ga kowane yaro. Binciken da bankin raya ƙasashen nahiyar Amurka ya wallafa a 2012, wanda ya shafi makarantun karkara 319, ya gano cewa bayan wata 15 yaran sun iya sarrafa na'urar, amma makinsu a lissafi da karatu bai ƙaru ba. A nan gida, jihar Osun ta raba wa 'yan babbar sakandare kwamfutocin hannu na Opon Imo a 2013, kuma yau ba a cika jin labarin shirin ba. Jihar Edo ta bi wata hanya a 2018, inda ta ba malaman firamare kwamfutar hannu mai ɗauke da darasin kowace rana a rubuce, kuma na'urar tana nuna lokacin da malami ya iso da inda ya tsaya a darasi. Legas da Kwara sun kwaikwayi wannan daga baya. Rahoton UNESCO na 2023 kan fasaha a fannin ilimi shi ma ya ja hankali cewa hujjoji masu ƙarfi a kan amfanin na'urori a aji ba su da yawa, kuma wani kaso nasu daga masu sayar da kayan yake fitowa.

Wannan bai rushe maganar Malamin lissafi ba. Darasin Peru ya nuna cewa na'ura tana koya wa yaro na'ura, kuma abin da ɗalibarsa ta rasa ke nan. Abin da ba ta yi ita kaɗai shi ne koya masa karatu. Buƙatu biyu ne daban, kuma kwamitin ya fara tantance wadda yake son biya da wannan kuɗi.

Malamin firamare (Sabon Tasha):
Hajiya, tsarin Edo da kika ambata shi ne wanda ni nake ɗari-ɗari da shi. Mu malaman Kaduna ba mu manta da 2017 ba, lokacin da aka yi wa malaman firamare jarrabawar gwaji aka sallami sama da 21,000, kuma a 2022 aka sake sallamar fiye da 2,000. Ba ina kare wanda bai cancanta ba, amma malamin da ya ga wannan, idan aka miƙa masa na'urar da ke kai rahoton minti nawa ya makara, ba kayan aiki zai ɗauke ta ba, ɗan leƙen asiri zai ɗauke ta. Sannan idan darasin a rubuce yake kalma bayan kalma, ina amfanin shekarun da mutum ya yi a kwalejin ilimi ta Gidan Waya ko ta Zariya? Yaro zai yi tambayar da ba ta cikin rubutun, agogon na'urar kuma yana cewa a wuce gaba. Kuma a ƙarshe malami ne zai riƙa biyan kuɗin caji a shago daga albashinsa, kamar yadda Malama ta sayi lasifika da nata.

Tsohon hedimasta (Tudun Wada):
Ɗana, a nan kam ba mu dace ba. Na yi shekaru ina fama da rajistar zuwan malamai, kuma na san yadda ake sa wa aboki hannu, na san malamin da ke zuwa ranar Litinin ya ɓace sai Alhamis. Iyayen yaran nan talakawa ne, ba su da wata makarantar da za su kai su. Idan na'ura za ta sa a san wanda ya shiga aji, ban ga laifinta ba, da sharaɗin cewa ita ma hukuma za a riƙa ganin nata, wato ranar da ta biya albashi da ranar da ta kawo alli da littafi. Maganar rubutaccen darasi kuwa, ƙwararren malami ba ya buƙatarsa, amma sabon da aka ɗauka aka tura shi aji ba tare da kowa ya zauna ya ga koyarwarsa ba, gara ya bi rubutaccen darasi mai kyau da ya cika allo da rubutu ya ce a kwafa.

Malamin firamare (Sabon Tasha):
Baba, na yarda da sharaɗin da ka kawo, kuma idan aka cika shi ba ni da ja. Sai dai ban taɓa ganin an fara da shi ba.

Maman Hanifa (Unguwar Mu'azu):
Ni uwa ce, 'ya'yana uku suna makarantar gwamnati. Ina roƙon masu tsara waɗannan abubuwa su daina ɗauka cewa yaro zai ƙarasa aikin a gida da waya. A gidaje da yawa babbar waya ɗaya ce, ta maigida ce, kuma da ita yake fita nema tun safe. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda korona, darussan da aka riƙa sakawa a rediyo da talabijin na jiha su ne suka shigo gidajenmu, domin rediyo ba ya neman data kuma da batir biyu yake aiki. 'Yan uwanmu na Birnin Gwari da Giwa da sassan Chikun kuma sun ga yadda aka katse layukan sadarwa a ƙarshen 2021 saboda matsalar tsaro, to duk tsarin da ya dogara da sabis a can ya tsaya cak.

Abu na biyu shi ne tarbiyya. Ba na son a ba yarinya 'yar shekara 12 na'ura mai buɗaɗɗen intanet a ce ta tafi da ita gida. Idan a makaranta ne, a gaban malama, an toshe abin da bai dace ba, ina maraba, kuma na ji daɗin yadda shirin AGILE na Bankin Duniya mai tallafa wa karatun 'yan mata, wanda Kaduna ke cikin jihohin farko da suka shiga, ya sa koyar da 'yan mata ilimin kwamfuta cikin ayyukansa. Sai dai a lura, idan kwamfuta ta yi kaɗan a ɗaki, maza ne ke rige-rigen kujera, mata su tsaya a baya suna kallo. A ware musu lokacinsu.

Malamin lissafi (Kakuri):
Na karanta duka, kuma na ga hujjoji sun taru a kan cewa kada a yi gaggawa. Abin da nake tsoro shi ne wannan magana ta a gyara komai tukuna, domin tun muna ɗalibai ake cewa sai an gama benci da rufi da ban-ɗaki, kuma har yau ba a gama ba. Idan jira za a yi, yaran talakawa za su yi ta zuwa cibiyoyin kuɗi ana karɓar na goro a hannun iyayensu domin a nuna musu yadda ake danna amsa mako biyu kafin JAMB.

Ga abin da nake gani zai haɗa mu. Ba dole kowace makaranta ta mallaki ɗakin kwamfuta ba. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma tana iya zaɓar makaranta ɗaya mai katanga da maigadi a tsakiyar makarantu biyar ko shida, a sa sola da kwamfutoci a can, a ɗauki mutum ɗaya wanda wannan ne kaɗai aikinsa, a fitar da jadawali ta yadda 'yan aji biyar da shida da 'yan ƙaramar sakandare na kowace makaranta ke da ranarsu. Ɗaki ɗaya da ke aiki daga safe zuwa la'asar ya fi ɗakuna shida da ke rufe. Ƙananan azuzuwa kuma a bi shawarar Malamar aji biyu, a ƙarfafa hannun malami.

Malamar sashen ilimi (Zariya):
Wannan shawara tana da ma'ana a cikin gari, inda makarantu ke kusa da juna kamar Tudun Wada ko Kawo. A karkara, inda tsakanin makaranta da makaranta tafiya ce mai nisa kuma iyaye na fargabar hanya, sai dai a juya ta, na'urorin su riƙa zuwa wurin yara a cikin akwati. Ina kuma so a tuna da horo. Cibiyar horar da malamai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1976, a nan Kaduna hedikwatarta take, amma horon da ya fi yawa a makarantunmu shi ne bita ta kwana uku a ɗakin taro, a raba takardar shaida a watse. Malamin da bai taɓa riƙe linzami ba yana buƙatar wanda zai zauna kusa da shi a makarantarsa mako bayan mako, har kunyar tambaya ta fita.

Baban Yusra (Kawo), shugaban zaure:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Kuɗin ƙungiyarmu ba zai kai ga cibiyar makarantu shida ba, amma babu abin da ya hana mu rubuta wa sakataren ilimi mu gabatar da shawarar. Injiniya, don Allah ka fitar mana da ƙiyasi kashi biyu kafin zaman kwamiti, ɗaya na kwamfutoci 10 da solarsu da ƙarfen tagogi, ɗaya kuma na lasifika da wurin caji ga malaman aji ɗaya zuwa uku, kuma a kowanne ka nuna abin da za a kashe a shekara ta biyu da ta uku.

Mai haɗa sola (Kasuwar Barci):
In sha Allahu zan yi, Alhaji. Ina buƙatar a ba ni dama in hau in duba rufin ajin tukuna, domin idan kwanon ya ruɓe ko katakon ya sha gara ba zai ɗauki faifai ba, kuma gyaransa zai shiga cikin lissafin.

Tsohon hedimasta (Tudun Wada):
Alhaji, a ƙara abu biyu a takardar da za a kai wa sakataren ilimi. Na farko, a rubuta ƙarara cewa lalacewar da ta faru a wajen koyarwa ba laifin hedimasta ba ce, kuma kwamitin makaranta da ƙungiyar ne za su ɗauki gyara, domin muddin sa hannunsa kaɗai ke kan takardar, zai rufe ɗakin ko da ya yi muku alkawari. Na biyu, a horar da malamai aƙalla uku, kuma a roƙi ofishin kada ya yi musu canjin wurin aiki a lokaci guda. Takardar canji ba ta tambayar wanda ya san kalmar sirrin kwamfuta, kuma na san makarantar da aka ɗauke malaminta a tsakiyar zango, sai da aka bi shi har Kaciya kafin a iya buɗe na'urorin.